Yadda ake canza bushin ɗin difarensha na Nissan 350Z da na kasuwa mai ƙarfi

Idan 350Z ta fara yin "ƙwal" daga baya duk lokacin da ka saki kuloci ko ka ɗaga ƙafa daga totur, kafin ka zargi giya ko furofela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa baya), ka leƙa ƙarƙashinta tukuna. Ka duba ƙaramin firam ɗin da ke riƙe da ƙafafun baya, daidai bayan difarensha, wato tukunyar haƙoran da ke raba ƙarfin inji zuwa tayoyin baya biyu, wadda makanikai da yawa ke kira aksul ɗin baya. In ka ga baƙin ruwa ya zubo daga wani zagayen roba, ya bar sawu a jikin firam har ya ɗiga kan salansa ya bushe, to ka gano ciwon. Bushin ɗin baya ne ya fashe.

Wannan matsala sananniya ce a 350Z, wadda aka sayar daga 2002 zuwa 2009, da 'yar'uwarta Infiniti G35, domin tsarin bayansu kusan ɗaya ne. Difarensha ɗinsu, wanda ake kira R200, yana rataye ne a wuri uku: bushin biyu a kunnuwansa na gaba, da babba guda ɗaya a baya wanda aka danna cikin firam. Na bayan nan roba ce mai rami a ciki, cike da ruwan silikon, an yi ta haka ne don ta shanye girgiza. Duk sanda ka taka totur, ƙaramin haƙori na cikin difarensha yana ƙoƙarin hawa babba, sai hancin difarensha ya ɗaga sama, gindinsa ya danna ƙasa. Ka saki totur, abin ya juya. Shekara da shekaru robar na shan wannan murɗa ga zafin salansa a gefenta, sai ta tsage, ruwan ya tsiyaye. Daga nan difarensha ya samu wurin rawa, shi ne ƙarar da kake ji, shi ne kuma ke ƙara tsalle-tsallen tayoyin baya idan aka figi motar da ƙarfi daga tsaye.

Ka tabbatar kafin ka kashe kuɗi. Shafa ruwan a yatsa ka sansana. Man difarensha yana da wari mai kauri irin na ƙibiritu, ruwan bushin ba shi da wannan warin. Sannan ka sa ƙarfen banɓare taya tsakanin firam da murfin difarensha ka ɗan taɓa: bushin mai lafiya da kyar zai motsa, matacce kuwa za ka ga tsagar tana buɗe baki. Akwai kuma wata 'yar ƙara "ƙas-ƙas" da waɗannan motoci ke yi wajen tashi a hankali, wadda ke fitowa daga inda shaf, wato sandar da ke kai juyi daga difarensha zuwa taya, ke shiga cibiyar taya. Wannan ciwo ne daban, canjin bushin ba zai taɓa shi ba.

Wanne za a saya

Nissan ba ta sayar da bushin ɗin bayan shi kaɗai ga 350Z, sai dai firam ɗin gaba ɗaya, shi ya sa kusan kowa ke komawa na kasuwa. Iri biyu ne. Akwai na foliyuretan, wata roba mai tauri da ba ta da ruwa a ciki, irin wanda Whiteline da Energy Suspension da Z1 Motorsports ke yi. Akwai kuma na alminiyam zalla, irin na SPL, wanda ba ya motsi ko kaɗan.

Ga motar da ake hawa kullum, foliyuretan ne ya dace, babu wani ja a nan. Yana kashe ƙwal ɗin, canjin giya ya zama tsaf, kuma ƙarar da yake ƙarawa a cikin mota kaɗan ce. Na alminiyam na filin tsere ne. Yana haɗa difarensha da firam kai tsaye, don haka duk kukan haƙora sai ya shigo ɗaki, musamman a kan doguwar hanya idan ka riƙe gudu ɗaya. Wanda ya sayi G35 ɗin da aka shigo da ita daga Amurka, yana hawanta a titi mai ramuka da tudun rage gudu, zai gaji da na alminiyam cikin mako guda. Kuma ka sayi saitin ukun gaba ɗaya. Sa sabo mai tauri a baya ka bar tsofaffi masu laushi a gaba yana mayar da duk wahalar kan kunnuwan gaba, kuma tunda sai an sauke difarensha ko ta yaya, aikin ɗaya ne.

Kayan aiki

Jak biyu, ɗaya na ɗaga mota ɗaya na tallafar difarensha, da ƙafafun ƙarfe na jingina mota. Sufana da soket, musamman lamba 14 da 17, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Injin huda, zarton ƙarfe na hannu ko na lantarki, kurfi, guduma, samfefa, da man sassauta tsatsa. Sai doguwar kusa mai zare daga kai har gindi, mai kaurin milimita 12 ko fiye, da notuna da manyan washa masu kauri, don jawo sabon bushin cikin raminsa. Ka tanadi lita 2 na man giya mai lamba GL-5, 75W-90 ko 80W-90. Tukunyar tana cin kusan lita 1.4. Tabarau na kare ido dole ne, za ka ga dalili a gaba. Mai yi karon farko a ƙasa, ba kan rami ba, ya ware yini guda.

Sauke difarensha

Fesa man sassauta tsatsa a kan notunan salansa tun daren jiya. Toshe tayoyin gaba, ɗaga baya, ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In za ka canza mai, fara kwance marfin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa. In ka zubar da mai sannan na saman ya ƙi kwancewa, ka shiga uku. Cire salansa daga tsakiya zuwa baya, da ƙarfen tokare da ke ƙarƙashi, ka kuma kwance sandar hana tangaɗi ta baya ko ka sassauta ta don samun fili.

Kafin ka taɓa furofela, sa alamar fenti a inda bakinta ya haɗu da bakin difarensha, domin ta koma yadda take. In ta juya, tana iya kawo girgiza a babban gudu. Kusoshi huɗu ne. Ja birkin hannu ka kwance waɗanda hannu ke kaiwa, saki birkin, juya, sake ja. Furofelar 350Z da zaren kabon aka yi ta, ba ta son duka ko faɗuwa, saboda haka ka ɗaure ta da waya a sama. Kada ka zaro ta daga cikin giya, man giya zai biyo ta.

Shaf na kowane gefe yana da kusoshi shida. Yi musu alama su ma, ka kwance, ka rataye su da waya kada su yi lilo a kan robar gaɓarsu. Na'urorin ABS na baya, masu hana taya kullewa idan an taka birki, a jikin difarensha suke, kusa da bakin shaf: cire su a hankali ka kawar da wayoyinsu. Akwai kuma siririn tiyo na numfashi a saman tukunyar, wanda mutane ke mantawa har sai sun tsinke shi.

Yanzu tallafe tukunyar da jak. Nauyinta ya haura kilo 30, kuma ba ta zama daidai a kan jak, gara mutum biyu. Kwance notin baya, sannan kusoshin gaba biyu. Sauke hancin kaɗan, ja ta gaba har kusar da ke jikin murfin difarensha ta fita daga bushin ɗin baya, sannan ka sauke. Lura da yadda washa da faifan robar gaba suke jere, ka ɗauki hoto.

Fitar da bushin ɗin baya

Nan ne aikin yake, sauran duk kwance-kwance ne. Bushin ɗin yana da zoben ƙarfe a waje wanda aka danna da ƙarfi cikin firam, firam ɗin kuwa alminiyam ne, mai laushi. Duk abin da za ka yi daga nan, manufarsa fitar da zoben ba tare da ka ji wa ramin ciwo ba.

Da farko ka auna. Zurfin da tsohon ya shiga daga fuskar firam, da inda ramin kusa yake, ka rubuta ka ɗauki hoto. Sai ka sa tabarau, ka huda robar da injin huda a zagaye, rami kusa da rami. In akwai sauran ruwa a ciki zai feso, baƙi ne, yana ɓata riga kuma ba a son sa a ido. Idan ramukan sun haɗu, buga tsakiyar ta faɗo. Wasu suna ƙona robar da wuta. Kada ka yi: tankin mai yana kusa, kuma zafi mai yawa yana raunana alminiyam.

Abin da ya rage shi ne zoben. Zura ruwan zarto ta cikin ramin ka fara yanka zoben daga ciki zuwa waje, a tsawonsa. Riƙe zarton a miƙe sosai, domin in ya karkata zai cinye firam a baki ɗaya alhali ɗaya bakin bai yanku ba. Yi 'yan ja kaɗan, tsaya, goge, haska fitila ka duba. Da zarton lantarki daƙiƙa biyu na sakaci sun isa su yi rami a firam, shi ya sa ya fi kyau a fara da na lantarki a ƙarasa da na hannu. Ba sai ka ratsa zoben gaba ɗaya ba. Ka bar ɗan siriri kamar takarda. Yi yanka na biyu, tazarar yatsa ɗaya daga na farko. Sa bakin kurfi a gefen tsirin da ke tsakaninsu ka buga shi zuwa ciki, zai naɗe kamar murfin gwangwanin kifi. Da zarar tsirin ya fita, zoben ya saki jiki, bugu biyu ko uku zai fito.

In zarto ya ɗan shafi firam, ƙaramin karce ba ya hana aiki, goge kaifinsa da samfefa kawai. Rami mai zurfi ne abin tsoro, domin daga irinsa tsaga ke farawa. Goge cikin ramin duka har ya yi sumul, amma kada ka ci naman alminiyam, in ramin ya faɗaɗa sabon bushin zai yi sako-sako.

Sa sababbi

Bushin na alminiyam, ko na foliyuretan mai zoben ƙarfe, ka bar shi ya kwana a firiza. Sanyi na ɗan tsuke shi ya shiga da sauƙi. Shafa giris kaɗan a ramin, daidaita fuskar bushin yadda takardar kamfanin ta nuna, domin wasu suna da sama da ƙasa. Zura doguwar kusar ta tsakiya, washa a bayan bushin, faifan ƙarfe mai faɗi ko guntun bututu a ɗaya gefen firam, ka riƙa ɗaure noti a hankali. Milimita biyar na farko su ne masu muhimmanci. In ya fara shiga a karkace, tsaya, fitar da shi ka sake. Tilasta shi zai kankare ramin. Tura shi zuwa zurfin da takardar ta ce, ka gwada da awon da ka ɗauka. In ya wuce ko bai kai ba, kusoshin gaba ba za su hau raminsu ba.

Na gaba biyun sun fi sauƙi tunda tukunyar na ƙasa. Kifa kunnen a kan guntun bututu, ɗora soket mai faɗin zoben, ka buga da guduma, ko ka kai wa mai injin dannawa. Sababbin yawanci rabi biyu ne da bututun ƙarfe a tsakiya. A wasu saitin rabin sama da na ƙasa kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma juya su yana canza kusurwar da furofela ke haɗuwa da difarensha, abin da ke kawo girgiza. Karanta takardar, ita za ta gaya maka ko tsofaffin washa za su koma. Yi amfani da giris ɗin da ya zo cikin kwalin, ka shafa a ko'ina roba ta taɓa ƙarfe. Foliyuretan busasshe yana ƙugi.

Mayarwa da ɗauri

Ɗaga tukunyar gindi a sama, fara zura kusar baya cikin bushin, sannan ka ɗaga hanci. Mayar da tiyon numfashi tun akwai wurin sa hannu. Kama duka ukun da hannu kafin ka ɗaure ko ɗaya, sabon bushin ba ya ba da wurin lanƙwasa kamar tsoho. Notin baya yana ɗaukar kusan Nm 110 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kusoshin gaba kusan 100, na furofela kusan 73, na shaf kusan 70, notin taya 108. Gwada da littafin gyara na shekarar motarka. Kusoshin shaf ka ɗaure su a giciye, da ɗigon man kulle zare, domin su ne ke yawan kwancewa.

Zuba mai motar tana daidai, har ya fara dawowa ta bakin ramin zubawa. Mayar da na'urorin ABS, ka goge bakinsu. In fitilar ABS ta kama bayan aiki, can za ka fara dubawa. Ka tabbata salansa ba ta taɓa firam ko tukunyar.

A gwajin farko za ka ji ɗan kukan haƙora da da ba ka ji, wannan daidai ne. Girgizar da ke ƙaruwa da gudu kuwa tana nuna furofela ba ta koma kan alamarta ba, ko an juya rabin bushin na gaba. In ƙwal ɗin bai tafi duka ba, duba bushin ɗin da ke riƙe firam ɗin kansa da jikin mota, da kujerar giya. Bayan kilomita 150 zuwa 200, sake shiga ƙarƙashi da sufanar awo ka bi notin baya, kusoshin gaba da na shaf goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya.