Yadda Ake Magance Danshi a Bangon Gidan Zamanin Sarakuna George

Manyan gidajen karkara da aka gina a Ingila daga 1714 zuwa 1830, zamanin sarakuna huɗu masu suna George, da jan bulo ko dutse aka yi su, da kwaɓin farar ƙasa. Bangon cike yake, babu fili a tsakiyarsa. Yana shan ruwan sama, sannan ya fitar da shi ta layukan kwaɓin da ke tsakanin bulo. Duk gyaran da ya toshe wannan hanya ɓarna ne, komai kyansa a ido.

Kafin a taɓa komai, a duba matakin kariyar gidan a rajistar Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila: I, II* ko II. Kariyar ta haɗa ciki da waje, kuma a ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, sauya kamannin gidan ba da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne da kan kai mutum kotu. A fara tuntuɓar jami'inta mai kula da gine-ginen tarihi.

Daga sama ake fara neman ruwa. Maginan wancan zamani sukan ɓoye rufi a bayan rawanin bango don fuskar gida ta fito tsaf, a bayan rawanin kuma akwai magudana ta dalma. Idan ganye ya toshe ta ko dalmar ta tsage, ruwa kan gangara cikin bango, kawunan katakon rufi su ruɓe ba wanda ya gani. A share ta bayan zubar ganye, a kuma leƙa ta ana tsakar ruwa. A ƙasa kuwa, daɓen waje ya kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da na ciki.

Sai layukan kwaɓi, inda aka fi tafka kuskure. Sai a 1824 wani magini mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland, wato asalin simintin da aka saba da shi a yau, don haka yawancin gidajen nan sun girme shi. Siminti ya fi tsohon bulo tauri kuma yana riƙe ruwa. Idan aka cike layukan da shi, danshi ya rasa mafita sai ta jikin bulon, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓantare.

A ƙwaƙule ruɓaɓɓen kwaɓi da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin. Injin yanka ba nasa ba ne, domin layukan sirara ne, yana cinye bakin bulo. Inda tsohon kwaɓi ke da ƙarfi, a ƙyale shi. A haɗa awo 1 na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa da ta kwana aƙalla wata 3 da awo 3 na yashi mai kaifi, wanda launinsa ya dace da na asali. A jiƙa ramin, a danna kwaɓin sosai, kada ya haura fuskar bulo. Da ya fara ƙarfi a bubbuga shi da buroshi mai tauri, a lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen buhun algarara na wasu kwanaki, don idan ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi. Kada a yi aikin idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Celsius.

Bayan haka a haƙura da fenti. Magina kan ƙiyasta wata guda ga kowane inci na kaurin bango kafin ya bushe, kuma ko bayan nan farar ƙasa ce ta dace da shi, ba fentin roba ba.