Darasi na Bakwai: Rage Asarar Harawa a Kejin Zomo

Da kaka harawa tana da araha. Da bazara kuwa, idan rumbu ya yi ƙasa, ƙunshin harawar wake yakan yi tsadar da sai mai kiwo ya yi tunani kafin ya saya. Ga shi kuma a gidaje da yawa, harawar da ake zuba wa zomaye ba duka take shiga cikinsu ba. Wata tana zubewa ta ƙasan keji, wata kuma tana jiƙewa da fitsari a share ta a zubar.

Kada wannan ya sa ku rage wa zomo harawa. Haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce take goge su. Idan bai samu abin tauna ba, haƙoran sukan yi tsawo su karkace, har ya kasa cin abinci. Hanjinsa ma ba ya aiki daidai sai da ciyawa mai kauri tana bi ta ciki dare da rana. Saboda haka harawa ko ingirici shi ne babban abincinsa, dusa ƙari ce kawai. Abin da za mu gyara shi ne yadda muke ba shi.

Ku ɗaga ta daga ƙasa

Zomo yana son ya hau kan abincinsa ya zauna, yana ci yana kashi. Harawar da ya yi wa fitsari kuwa ba zai sake kallonta ba. Duk wanda yake zuba harawa a daɓen keji, shimfiɗa ya yi masa.

Ku sami guntun ragar waya, ku lanƙwasa ta ta yi baki buɗe a sama, ƙasa kuma a tsuke. Ku ɗaure ta a jikin keji daidai tsayin kan zomo, yadda zai miƙa baki ya zaro ba tare da ya yi ɗage ba. Idan ta waje kuka ɗaura, ya fi, domin ba zai iya shiga ciki ba, ku ma ba sai kun buɗe ƙofa za ku zuba ba. Ku lura da faɗin idon ragar. Kamar santimita 3 zuwa 4 ya isa, wato yatsu biyu. Idan ya yi ƙanƙanta, zomo zai gaji da ja ya haƙura. Idan ya yi faɗi, zai zaro dami guda ya watsar, ko ɗan ƙarami ya cusa kai ya maƙale. Bakin wayar da aka yanka kuma a lanƙwashe shi baya, kada ya tsone masa ido.

Wanda ba shi da raga yana iya ɗaure harawar tamau da waya ya rataye. Amma ban da igiyar leda ko zaren buhu. Zomo zai gwaigwaye ta ya haɗiye, kuma shi ba ya iya amai.

A ƙarƙashin ragar ku ajiye faranti ko murfin tsohuwar tukunya. Ga dalili. Amfanin harawar wake da ta gyaɗa yana cikin ganye, kuma busasshen ganye shi ne yake fara kakkaryewa ya zube. Ku duba ƙasan buhun harawa, za ku ga garin ganye kore shar ya taru. Mutane da yawa kakkaɓe shi suke yi su zubar, alhali shi ne mafi kyau a buhun. Ku tattara shi, ku yayyafa masa ruwa kaɗan, ku cuɗa da dusa ku ba su. Abin da aka jiƙa dai a cinye shi a ranar, kada ya kwana.

Kaɗan-kaɗan, safe da yamma

Babban zomo yana buƙatar tulin harawa kamar girman jikinsa a rana. Kada ku zuba duka lokaci ɗaya. Idan ya ga ta da yawa, sai ya yi ta tono yana tsince ganye yana ture kara. Ku raba biyu, na yamma ya fi yawa, domin zomo ya fi ci da almuru da asuba. Da tsakar rana kwanciya yake yi.

Dusa kuma a bari sai ya ci harawa tukuna. Zomon da ya cika ciki da dusa tun safe wasa kawai zai yi da harawa.

Duk da haka za ku ga sauran kara mai tauri da ya bari. Wannan ba laifi ba ne, kuma kada ku ce sai ya cinye za ku ƙara masa. Idan karan bai ɓaci ba, akuya da tunkiya za su cinye. Mai laushi a sa wa uwa a akwatin haihuwa. Wanda ya jiƙe a haɗa da kashin zomon a kai ramin taki.

Ajiya

Wata asarar tun daga gona take farawa. Ciyawa irin su kyasuwa da harƙiya a yanke su kafin su yi fure, lokacin ganye yana da laushi. A shanya su bushe sarai, sannan a kai inuwa. Harawar da ta daɗe a rana a kan rufin ɗaki takan koɗe ta yi fari, zomo kuma ba ya sonta sosai. A ɗora dami a kan katako ko duwatsu saboda gara da danshi. Kafin ku zuba, ku sansana. Idan kun ji warin ruma ko kun ga fumfuna, kada ku ba zomo, kada ku ba akuya.

Aikin gida

A ce kuna sayen ƙunshin harawa 4 a mako, kuma 1 yana lalacewa a ƙasan keji. Ƙunshi nawa kuka yi asara a mako 12? Ku tambayi kuɗin ƙunshi ɗaya a kasuwarku, ku rubuta jimillar a littafinku ku zo da shi aji.