Kafin ku shimfiɗa kafet a matakalar bene

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya da ta yi tambaya jiya kan sa kafet a matakala, ga abin da na gani da muka yi namu a Gyaɗi-Gyaɗi.

Awo ne farko. Ki auna wurin taka ƙafa da tsayin hawa ɗaya, ki haɗa. Misali inci 11 da inci 7 sun zama 18. Idan hawa 16 ne, yadi 8 ke nan. Ki ƙara rabin yadi saboda yanka, in akwai kwana ki auna ta daban. Kada ki je Sabon Gari da ƙiyasi, don samun irin kalar a karo na biyu wuya gare shi.

Ki zaɓi mai gajeren gashi. Mai laushin nan na falo yana da santsi a bakin matakala, ga riƙe ƙurar hunturu, shara kuma sai ta gagara. In za a shimfiɗa, a sa gashin kafet ɗin ya kwanta yana kallon ƙasan matakala.

Matakalarmu ta siminti ce, ƙusa ba ta kamawa, sai gam. A share tas, a tabbatar simintin ya bushe, in ba haka ba wari zai biyo baya. A buɗe tagogi, a kashe risho, gam ɗin yana kama wuta. Mai aikin ya tura kafet cikin kowane lungu sosai, sannan ya ɗaura ƙarfen alminiyam a bakin kowane hawa. Wannan ƙarfen don Allah kada a yi masa rowa, musamman gidan da ke da tsofaffi da yara masu gudu.