Yadda Baƙo Zai Zauna Lafiya a Unguwar 'Yan Filifin

Duk wanda ya kama hayar gida a cikin unguwa a Manila ko Cebu ko Davao na ƙasar Filifin, ko ɗalibi ne cikin 'yan Afirka da ke zuwa karatun likitanci da jinya, ko ma'aikaci, ko wanda aure ya kai shi, ya kamata ya sani cewa kafin ya gama sauke kayansa labarinsa ya riga ya zagaye layin. Gidajen a matse suke, mutane kuma a waje suke wuni, saboda haka babu amfanin ɓuya. Abin da ya fi shi ne baƙo ya gabatar da kansa da wuri, kafin wasu su gabatar da shi yadda suka ga dama.

Wurin farawa shi ne ofishin barangay, wato mataki mafi ƙanƙanta na mulki a ƙasar, kuma akwai irinsa fiye da 42,000. Shugabansa, wanda jama'a ke kira kapitan, ya yi kama da mai unguwa, sai dai zaɓensa ake yi tare da kansiloli 7, kuma yana da masu sintiri da ake kira tanod. Ka je a makonka na farko da fasfonka da takardar haya, ka gaisa, ka nemi takardar shaidar zama, domin za ta yi maka amfani a wurare da dama. Haka kuma, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 1991, yawancin ƙananan rigingimu tsakanin mazauna gari ɗaya ba sa zuwa kotu sai an fara zaman sulhu a barangay, don haka yana da kyau a san fuskarka a can tun babu wata matsala. Maganar izinin zama kuwa ta hukumar shige da fice ce: wanda zai wuce kwana 59 yana buƙatar katin rajistar baƙi.

Bayan ofishin, babu wurin da ya kai kantin sari-sari muhimmanci. Ɗan ƙaramin shago ne da ake fitarwa daga jikin gida, da taga mai ragar ƙarfe, an rataye ƙananan ledojin sabulu da kofi da man wanke gashi jere-jere, ana sayar da ƙwai ɗaya ko ƙullin sukari ɗaya ga mai buƙata. Galibi mace ce ke zaune a ciki, kuma ta san wanda ya tare, da wanda ya tashi, da mai gyaran famfon da ba ya cuta. Ka zaɓi kanti ɗaya ka riƙe shi, ko da babban kantin zamani ya fi araha da 'yan kuɗi kaɗan, domin wanda ya zama suki, wato mai sayayya na kullum, shi ake ajiye wa kaya mai kyau, shi kuma ake gaya wa ranar da za a ɗauke ruwa. Maƙwabta suna cin bashi ana rubutawa a littafi, amma a ganina bai dace baƙo ya nemi haka ba. Ya biya nan take, da ƙananan kuɗi, don canjin babbar takarda yana wahalar da mai shago.

Turanci yana isar da mutum kusan ko'ina, amma ladabin magana da harshen gida ake yin sa. A yankin masu jin harshen Tagalog ana ƙara po a cikin magana idan ana yi da babba, ana kuma amsawa da opo. Namijin da ya ɗan girme ka kuya ne, mace ate, tsofaffi kuwa lolo da lola, kuma kiran babba da sunansa tsirara abu ne da ke sosa rai ko da ba a nuna maka ba. Idan ka je ƙofar wani, ka tsaya ka ce "Tao po", wato sallamarsu, ka jira. Za a yi ta tambayarka ina za ka; ba bincike ba ne, gaisuwa ce, kuma "Diyan lang", wato nan kusa, ta wadatar. A cikin jeepney, wato motar haya ta cikin gari, kuɗin mota hannu da hannu yake tafiya daga baya har zuwa direba, canji kuma ya dawo ta wannan hanya, saboda haka idan aka miƙo maka kuɗi ka karɓa ka miƙa gaba, in za ka sauka ka ce "Para po".

Abin da ya fi jawo wa baƙi baƙin jini shi ne ɗaga murya. Mutanen ƙasar suna matuƙar gudun a kunyata mutum a gaban jama'a, kuma wanda ka yi wa tsawa a kan layi zai iya yin murmushi ya wuce, amma shi da danginsa ba za su manta ba. Mu da muka saba ciniki da gardama da murya sama muna buƙatar kula sosai a nan. Idan kiɗan videoke (na'urar da mutane ke bi suna rera waƙa da makirifo) na maƙwabci ya hana ka barci, ko zakarun da ake kiwo don wasan faɗa sun dame ka da cara tun asuba, kada ka fita cikin fushi. Ka bari gari ya waye, ka same shi shi kaɗai, ko ka bi ta hannun mai gidan haya. In abin ya ci tura, sai barangay.

Ga Musulmi, batun abinci yana buƙatar bayani tun farko, domin naman alade yana cikin girki da yawa, har da wanda ake ganin kamar na ganye ne. Idan ka tarar ana cin abinci za a ce maka "Kain tayo", wato mu ci abinci, kuma godiya kaɗai ta isa amsa. Amma ranar bikin waliyyin cocin unguwa, ko lokacin Kirsimeti da ake fara shirye-shiryensa tun watan Satumba, za a aiko maka da kwano har gida. Ka karɓa da hannu biyu, ka bayyana cikin fara'a cewa ba ka cin baboy, wato naman alade, kuma mafi yawansu za su tuna su ware maka kifi ko kaza a gaba. Kai ma ka aika musu da naka ranar Sallah, wadda ƙarama da babba duk ranakun hutu ne a ƙasar. A Manila ana samun naman halal a kewayen Masallacin Zinare na Quiapo da kuma Maharlika Village da ke Taguig. Idan aka yi rasuwa a layin, za ka ga an kafa rumfa a kan titi ana zaman makoki na kwanaki. Ka leƙa, ka yi ta'aziyya, ka ba da ɗan gudummawar da ake kira abuloy. In ka yi tafiya kuma, kada ka dawo hannu rabbana, domin tsaraba tana da babban matsayi a wurinsu.

Sai batun damina, wadda ke kamawa daga Yuni zuwa wajen Nuwamba. Mahaukaciyar guguwa kusan 20 ke shiga yankin ƙasar a kowace shekara, kuma mutanen Marikina, wani birni a yankin Manila, har yau suna ba da labarin ambaliyar guguwar Ondoy ta 2009. Kafin ka biya kuɗin haya, ka tambayi mai kanti, ba dillali ba, iya inda ruwa ya taɓa kaiwa a layin, ka kuma duba alamarsa a jikin bango. Ka riƙa bin sanarwar hukumar hasashen yanayi ta PAGASA, ka tanadi tocila da ruwan sha da busasshen abinci, ka sa fasfo da sauran takardu cikin leda a wuri mai tudu. Idan tanod suka zagayo suna cewa a tashi, ka bi maƙwabtanka zuwa makaranta ko filin ƙwallon kwando mai rufi da aka ware domin fakewa, kada ka tsaya jiran ruwa ya shigo ɗaki.