Kanari da kunamar ruwa: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Duk shekarar da na ba ɗalibaina a nan Sakkwato aikin kwatanta kanari da kunamar ruwa, tun daga suna ake fara faɗuwa. Yaro ya ji “kunama”, sai ya jefa ta sahun gizo-gizo. Kifi ce. Ƙayar dafin da ke wutsiyarta ce ta jawo mata sunan. Jikinta faffaɗa ne kamar faifai, ana samun ta a kogin Binuwai da na Neja, kuma daga garin Garwa na Kamaru aka samo sunanta na kimiyya a 1962: garouaensis.

Masu ɗan wayo kuma sai su haɗa ta da tarwaɗa, wai kifi ai kifi ne. A nan nake daɗewa. Tarwaɗa ƙashi gare ta, kunamar ruwa kuwa guringuntsi ne, ajinsu ɗaya da kifin shak, ga shi haihuwa take yi, ba ta zuba ƙwai. Abin da ke sa aji ya yi tsit: a tsatso, tarwaɗa ta fi kusa da kanari fiye da kusancinta da kunamar ruwa. Don haka ka fara daga inda kanari da kunamar ruwa suka haɗu, wato rukunin Chordata, wanda ya ƙunshi duk dabbobi masu ƙashin baya, kafin ka raba su: kanari ajin Aves na tsuntsaye, ita kuma Chondrichthyes na kifaye masu guringuntsi.

Wanda ya kwafo Dasyatis daga tsohon littafi a matsayin kashin farko na sunan kunamar ruwa na kimiyya ya gyara, tun 2016 ta koma Fontitrygon.

Sai batun barazanar ƙarewa. Yawancinsu sukan ce kanari ne ke cikin haɗari, don sun saba ganinsa a keji ana cinikinsa. Tausayi ne, na sani, amma ba ya ba da maki. A jerin matakan barazanar ƙarewa da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ke fitarwa, kanari mai rawayar goshi, Crithagra mozambica, yana matakin da ba a damu da shi ba, domin ya bazu a yawancin Afirka kudu da Sahara. Kunamar ruwa ce ke matakin haɗari mafi tsanani, saboda yawan kamun kifi da lalacewar koguna. A da tana matakin da bai kai wannan tsanani ba, shi ya sa nake cewa kowa ya rubuta shekarar da aka yi ƙiyasin kusa da matakin. Kuma kada wani ya sake rubuta mini “ta ƙare” don bai taɓa ganinta a hannun masuntan Rima ba: jerin na duniya ne baki ɗaya.