Bayan an canja maka gwiwa: shirin komawa gida tun kana asibiti

Kwanakin da za ka yi a sashen gashin ƙashi ba su ne masu wuya ba. Can gado na ɗagawa da maɓalli, banɗaki na da ƙarfen dafawa, ka danna ƙararrawa ma'aikacin jinya ya zo. Gidajenmu na Shara Mansur a Makka ba su da ko ɗaya cikin waɗannan. Ni da aka yi wa ta dama, shawarata ka fara shirin gida tun kana kwance.

Washegarin aiki, wani lokaci ma a ranar, za su tsayar da kai da mashshaya, wato ƙarfen da ake dafawa a yi tafiya. Ba rashin tausayi ba ne. Yawan kwanciya ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Abu biyu mai gashin ƙashi yake nema: gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwashe aƙalla digiri 90 a makonnin farko. Wanda ya yi sake ta sandare, wataƙila sai an sake sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Sha maganin ciwo kamar rabin awa kafin atisaye, in an gama a ɗora ƙanƙara naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20. Matashi ƙarƙashin dunduniya ake sa shi, ba ƙarƙashin gwiwa ba, ko da yake can ya fi daɗi.

Kada ka yarda a sallame ka ba ka gwada matakala ba, musamman in ginin ku ba asansir, wato lif. Wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke fara takawa, wajen sauka wadda aka yi wa aiki. Ka karɓi rahoton likita a rubuce, da ranar cire ɗinki (galibi wajen mako biyu ne), ka tambayi kwana nawa za ka yi kan maganin tsinka jini, in allura ce wa zai riƙa yi maka. Mai ta'amin (inshorar lafiya) kuma ya sa a nema masa amincewar kamfani kan zaman gashi tun da wuri, don amsa ba ta zuwa rana ɗaya.

Sai gida. Masai na tsuguno ka manta da shi tukuna, a sayo kujerar banɗaki mai tsayi a kantin kayan asibiti. Zaman majalisi a ƙasa ma haka: sauka ba wuya, tashi ne aiki. A nemo kujera mai hannu da gado mai tudu, a naɗe ƙananan dardumai, a kau da wayoyin caja daga hanya. Alwala a zaune, a goge tayil kafin ka taka.

Salla kuwa kan kujera, kuma kada zuciyarka ta yi nauyi. Hadisin Imrana ɗan Husaini na cikin Bukhari: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Ɗora gwiwa a ƙasa sai likita ya ce.

'Yan dubiya za su cika falo, Allah ya ba su lada, kowa da maganinsa. Goggona ta zo da tawul da tafasasshen ruwa, wai sai ta gasa mini. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, likita ya hana, addu'arki nake so." Ruwan zafi ƙara kumburi yake yi, kuma babu man da za a shafa wa ciwon da bai rufe ba, ko na habbatus sauda ne. Ka tsayar da lokacin karɓar baƙi, in ba haka ba hira za ta cinye atisayen la'asar.

Ƙwauri ya kumbura yana zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗinki na fitar da ruwa, koma asibiti a ranar. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana ba da shawara dare da rana. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba a jira, a kira motar asibiti a 997.

Na san kewar Harami za ta dame ka. Je ka, amma a keken turawa, kuma ba lokacin cunkoso ba. Tuƙin mota yakan kai mako shida, sai likita ya tabbatar ƙafar na iya taka birki da sauri.