Yadda Ake Gano Salmonella a Cikin Abinci a Ɗakin Gwaji

Idan aka watse daga walimar biki a Bauchi, washegari jama'a suka tashi da zawo da zazzaɓi, kowa da abin da zai ɗora wa laifi. Wani ya ce kaza ce, wata ta ce latas ɗin da aka yanka tun safe. Ɗakin gwaji ne ke raba gardama, ta hanyar neman Salmonella, wata ƙwayar cuta da ke shiga abinci ta jawo zawo da zazzaɓi, amma sai an yi haƙurin kwana huɗu zuwa biyar.

Aikin tun daga gidan biki yake farawa. A ɗebi ragowar abincin a mazubin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a rubuta sunan abincin da rana da lokaci, a sa a kula mai ƙanƙara. Nan aka fi yin ɓarna. Sai ka ga an ƙulle nama a baƙar leda, ya sha zafin Afrilu a bayan ɗan acaɓa tun daga Yelwa. Ƙwayoyin da suka hayayyafa a hanya sun riga sun dagula lissafi.

Da isowa, a auna giram 25, a markaɗa cikin mililita 225 na ruwan fefton, wato ruwan da ke ciyar da ƙwayoyi, a bar shi a inkubeta (akwatin ɗumama ƙwayoyi) mai zafin digiri 37 kamar awa 18. Kada a tsallake wannan don sauri, domin wuta ko sanyin firiji kan galabaitar da ƙwayar, sai ta farfaɗo kafin ta nuna kanta.

Daga nan a ɗebi mililita 0.1 na wannan haɗin a ɗiga cikin mililita 10 na ruwan Rappaport-Vassiliadis, awa 24 a digiri 41.5. Wannan ruwan tankaɗe yake yi: ya danne yawancin sauran ƙwayoyi, ya bar Salmonella ta sake.

Sai a tsoma 'yar wayar ƙarfe da aka ƙona a wuta ta huce a cikin ruwan, a zizara a kan farantin XLD, wato faranti mai daskararren abincin ƙwayoyi, a mayar inkubeta a digiri 37 kwana guda. Abin da ake nema shi ne ɗigo-ɗigo ja masu baƙi a tsakiya, kamar idon kifi.

Ɗalibi sabon shiga da ya ga baƙin nan yakan yi murna, amma da sauran rina a kaba. Wata ƙwaya mai suna Proteus ma tana iya yin wannan kamannin. Gwajin sinadarin yuriya ke tona mata asiri, don takan mayar da launin abin da ke cikin kwalbar zuwa ruwan hoda, Salmonella kuwa ba ta sauya launin. A ƙara da gwajin TSI, mai nuna irin sukarin da ƙwayar ke ci, sannan a gauraya ƙwayar da ruwan sinadarin garkuwar jiki mai kama Salmonella a kan gilashi. Idan ta dunƙule kamar kindirmo ya tsinke, an kama ɓarawo.

A takardar sakamako ana rubuta "an samu" ko "ba a samu ba a cikin giram 25", ba a cewa tukunyar gaba ɗaya lafiya lau take. Farantan da aka gama da su kuwa, sai sun yi aƙalla minti 15 a tukunyar tururi mai digiri 121 kafin su ga kwandon shara.